Daga Ƙauye Zuwa Jami'a: Aikin Fasto Ga Ɗalibin Da Ya Bar Gida

Kowace shekara ikilisiyoyinmu na karkara sukan sallami 'ya'yansu zuwa manyan makarantu a Zariya, Jos, Maiduguri da sauransu. Mukan yi musu addu'a ranar Lahadi, zumuntar mata ta haɗa musu gari da ƙuli-ƙuli, sai mu ɗauka aikinmu ya ƙare. Amma da yawa cikinsu kan dawo hutun farko sun yi sanyi cikin bangaskiya. Ya kamata makiyayi ya san dalili.

A ƙauye, jama'a ce ke riƙe da yaro. In bai zo sujada ba, dattijo zai tambayi ubansa kafin rana ta faɗi. A jami'a kuwa ba mai lura ko ya tashi ko ya kwana. Ga ɗaki cike da baƙin fuska, ga aji mai ɗaruruwan ɗalibai inda malami bai san sunansa ba. Sau da yawa kaɗaici ne ke fara kā da shi, tun kafin wata gardamar ilimi ta taɓa bangaskiyarsa. Sai kunya ta biyo baya, don Turancinsa da tufafinsa ba su kai na 'yan birni ba. Sai kuma rashin kuɗi, wanda kan jefa 'yan mata musamman cikin hannun masu ruɗi. Wanda ya fara nuna masa ƙauna, shi zai bi, ko mutumin kirki ne ko ɗan ƙungiyar asiri.

Daniyel sura 1 tana da darasi a nan. An kai Daniyel da abokansa uku Babila domin horo na shekara 3. Sun koyi harshe da ilimin Kaldiyawa, an kuma sāke musu suna, amma Daniyel ya ƙudura ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba. Lura da abu biyu. Na fari, bai guji ilimi ba, ya dai san inda zai tsaya. Na biyu, ba shi kaɗai ya tsaya ba, su huɗu ne.

Saboda haka aikin fasto kashi uku ne.

Kafin tafiya, ka zauna da ɗalibin da iyayensa. Ku yi magana a fili kan kuɗi, abota, sha'awar jiki da satar jarrabawa. Ka koya masa karanta Littafi Mai Tsarki da yin addu'a shi kaɗai, gama can ba mai tashe shi.

Lokacin tafiya, ka miƙa shi hannu da hannu. Bulus ya gabatar da Fibi ga masu bi na Roma (Romawa 16:1-2), 'yan'uwa a Afisa kuma suka rubuta wa masu bi na Akaya wasiƙa su karɓi Afolos sa'ad da zai tafi can (Ayyukan Manzanni 18:27). Kai ma ka rubuta wa faston majami'ar makarantar, ko shugabannin FCS, wadda ta soma a 1957, ko NIFES, wadda aka kafa a 1968. Ka ba su sunansa, ka roƙa su neme shi cikin mako na fari.

Bayan tafiya, kada ka yi shiru. Zumunta a ƙafa take, a yau kuma waya ta rage nisa. Ka kira shi ko sau ɗaya a wata. In ya dawo da tambayoyi masu wuya, kada ka ce boko ya lalata shi. Ka saurara, ku bincika Nassi tare, ka kuma ba shi aiki a Makarantar Lahadi ko cikin matasa lokacin hutu.

Cikin waɗannan ɗalibai ne ikilisiya za ta sami dattawa, malamai da fastocinta na gobe. Fasto da ya san sunan kowannensu, da makarantarsa, da wanda ke kula da shi a can, shi ne yake kiwon garken da aka danƙa masa.