Agogon Jiki da Barcin Masu Lalurar ADHD

Lalurar da likitoci suke kira ADHD wani yanayi ne na ƙwaƙwalwa da yake bayyana tun ƙuruciya, inda mutum yake fama da ƙarancin natsuwa da yawan kazar-kazar da aikata abu kafin tunani, kuma sau da yawa takan bi mai ita har girma. Wahalar barcin da ke tafiya tare da ita iyaye kan ɗauke ta a matsayin taurin kai, alhali kuwa galibi tushenta yana cikin agogon jiki, wato tsarin da yake raba wa mutum lokacin barci da na farkawa cikin awa 24.

Idan duhu ya shiga, wani ɗan ƙulli da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa yakan saki sinadarin melatonin, wanda yake sanar da jiki cewa dare ya yi. Binciken da aka gudanar a ƙasar Holan ya nuna cewa a wajen masu ADHD da barci yake yi wa wuyar zuwa, fitar wannan sinadari takan makara da kimanin minti 45 ga yara, da kimanin awa ɗaya da rabi ga manya. Shi ya sa wanda ya kwanta da ƙarfe 10 zai iya kaiwa tsakar dare idonsa biyu, ya wayi gari a gajiye, gajiyar kuma ta ƙara masa mantuwa da saurin fushi, waɗanda dama su ne ciwonsa.

Gyara daga safiya yake somawa, domin hasken rana na farkon yini shi ne yake janyo agogon nan ya dawo da wuri. Tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, har a ranar da babu aiki ko makaranta, tare da fita waje a sha haske na kamar rabin awa, ya fi tilasta kwanciya da wuri amfani nesa ba kusa ba, kuma dogon barcin hantsi ko na la'asar yana rushe wannan ƙoƙari. Da dare kuwa, illar wayar hannu ta wuce haskenta, saboda mai ADHD yakan nutse cikin abin da ya ja hankalinsa har lokaci ya kuɓuce masa, don haka ajiye ta a wani ɗaki ya fi dogaro da niyya tabbas.

Goro da shayi da kofi duk suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da yake korar barci, wanda kusan rabinsa yake nan a jini bayan awa 5. Maganin metilfenidet, da ake ba masu ADHD kuma ake sayarwa da sunan Ritalin, shi ma yakan hana barci idan aka sha shi da yamma, amma sauya lokacinsa, ko ƙara ƙwayar melatonin, shawarar likita ce.

Akwai kuma abubuwa biyu da suke ɓuya a bayan lalurar: ƙaiƙayi ko zogi a ƙafafu da yake sa a riƙa motsa su da dare, wanda yake da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, da kuma ɗaukewar numfashi cikin barci, wadda a yara kumburin naman maƙogwaro yake yawan jawowa. Yaron da yake minshari mai ƙarfi kullum ya kamata iyayensa su kai shi asibiti a duba masa maƙogwaro.