Bukukuwan Gargajiya a Garin Kan Iyaka: Misalin Malanbil

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibi kan ɗauka cewa al'ada ta tsaya ne ga rawa da kiɗan da ake nuna wa manyan baƙi a dandali. Wannan takarda za ta dubi garin Malanbil, wanda Faransawa ke rubutawa Malanville, domin nuna cewa biki wata taska ce ta tarihi da harshe.

2.0 Garin da Mutanensa

Malanbil yana jihar Alibori a arewacin Jamhuriyar Benin, a gaɓar kogin Kwara, yana fuskantar Gaya ta Nijar. Gadar da ta haɗa garuruwan biyu an gina ta a 1958. Sunan garin ya samo asali ne daga wani gwamnan Faransa na Dahome mai suna Malan. Kafin nan ana kiran wurin Tassi, wato "rairayi" a harshen Dandi. Wannan darasi ne na farko: sunan wuri yakan adana tarihin da mulkin mallaka ya rufe.

Dandawa su ne mafi rinjaye, kuma harshensu ɗan'uwan Zabarmanci ne a cikin rukunin Songai. A ƙasar Dandi ne ragowar sarautar Askiya ta fake bayan da rundunar Maroko ta ci Songai a Tondibi a 1591. Akwai kuma Fulani da Zabarmawa da Hausawa. Hausawa sun san yankin tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, lokacin da ayari kan ƙetare Kwara ya yada zango a Kandi da Jugu.

3.0 Inda Al'ada ke Bayyana

Da yake yawancin mutanen Musulmi ne, manyan ranakunsu su ne Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Mauludi. Gargajiya ba ta ɓace ba, sai dai ta shige cikin waɗannan ranaku da bukukuwan aure da suna. Bayan kaka kuma akwai kokawa, wadda ta haɗa Dandawa da Zabarmawa da Hausawa a fage ɗaya. A Nijar an mayar da ita gasar ƙasa tun 1975.

Misali mafi girma a arewacin Benin shi ne bikin Gani na garin Nikki, fadar Bargu. Ana yin sa a watan Mauludi, da hawan dawaki da tambura da kakaki, hakimai suna zuwa gaisuwa ga sarki. Ɗalibi zai tuna da Sallar Gani ta Daura, wadda ita ma a wannan wata ake yin ta.

4.0 Abin Lura ga Ɗalibin Harshe

A dubi waɗannan kalmomi:

(a) Gani: sunan biki ɗaya daga Daura har Nikki.
(b) Goge: Zabarmawa da Dandawa na cewa goje.
(c) Sarkawa: masuntan da Songai ke kira Sorko, waɗanda suka bazu har ƙasar Kabi.

Kamancin kalma bai isa hujjar cewa wani ya ara daga Hausa ba. Aro kan tafi ta ɓangarori biyu, kuma wajibi ne mai nazari ya duba sauti da ma'ana da tarihin cuɗanya kafin ya yanke hukunci.

5.0 Ƙalubale

Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, amma Nijar ba ta buɗe nata a lokacin ba, sai jama'a suka koma ƙetarawa da kwalekwale. Asarar ba ta tsaya ga kasuwa ba. Dangi ɗaya ne a gaɓa biyu, kuma zumunta a ƙafa take. Idan makaɗi ko ɗan kokawa ko 'yan rakiyar amarya suka kasa ƙetarawa, bikin ya ragu, kalmominsa ma su ragu a bakin yara.

6.0 Kammalawa

Raya al'ada a gari irin Malanbil ya dogara ne ga zirga-zirgar mutane da amfani da harshe a kullum.

Jinga: Zaɓi biki ɗaya na garinku, ka tattara kalmomi goma da suka keɓanta da shi daga bakin dattawa, ka bayyana waɗanda kake zaton na aro ne tare da hujjarka.