Ciwon Suga: Abin da Ke Cikin Kwano da Abin da Na'ura Ta Nuna

Da wuya a zauna taron ƙungiya a ƙauyukan Bichi, Dambatta, Makoɗa ko Tsanyawa a rasa wadda ke da ciwon suga, ko wadda ke jinyar mai shi a gida, miji ne ko uwa ko uwar miji. Da yawa kuma suna ɗauke da shi ba su sani ba. Wannan darasi ya shigo littafin ajiya ne saboda ciwon yana cin kuɗi. Mace ta yi shekara tana zubi, ranar rabo ta zo, kuɗin duka su tafi a wankin gyambon ƙafa da kuɗin mota zuwa birni. Yawancin wannan asara ana iya kauce mata da abubuwa biyu, wato sanin abin da ake ci da gwajin jini a kai a kai.

Yadda ciwon yake

Duk abincin da aka yi da hatsi ko rogo ko dankali, idan ya shiga ciki narkewa yake yi ya zama suga, ya bi jini. Wannan sugan shi ne ƙarfin da muke aiki da shi. Akwai wani sinadari da jiki ke yi mai suna insulin, shi ne ke kwashe sugan daga jini ya shigar da shi tsoka da sauran gaɓoɓi. A nau'i na biyu na ciwon, wanda ya fi kama manya kuma shi ne mafi yawa, jiki yana yin insulin ɗin amma bai isa ba, ko kuma jikin ya daina jin sa. Sai suga ya taru a jini, a hankali yana ɓata ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa, yana kuma taɓa zuciya.

Alamominsa sun haɗa da yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, kasala, rama alhali ana cin abinci, gani dishi-dishi, ciwon da ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin gaba da ke tafiya yana dawowa, da jin tafin ƙafa na zafi ko ya mutu kamar ba naki ba. Mata da yawa sukan ce sanyi ne, su yi ta shan jiƙo har shekaru su wuce. Wasu kuma jira suke su ga kiyashi ya taru a wurin fitsari. Kafin suga ya fito a fitsari ya riga ya yi yawa a jini, don haka rashin kiyashi ba shaidar lafiya ba ne.

Wadda iyayenta ke da ciwon, da mai teɓa, da mai hawan jini, da wadda ta taɓa haihuwar jaririn da ya wuce kilo 4, da wadda ta haura shekara 40, duk su je a gwada su ko da ba sa jin komai. Sai kuma magana ɗaya da ba a cika son faɗa ba: ƙwayoyin ƙiba da ake saya a kemis, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, wasunsu suna tayar da suga sosai. Mai shan su ta daina ɓoyewa, ta gaya wa ma'aikaciyar lafiya.

Ba a ce ki bar tuwo ba

Da zarar an ce mace tana da suga, sai masu ba da shawara su yi mata caa. Wannan ta ce alkama kaɗai za ki ci, waccan ta ce acca, wata ta ce wake safe da dare. Sai ta shiga sayen garin alkama da tsada alhali ga gero da dawa a rumbu. Gaskiyar magana, alkama ma hatsi ce, ita ma suga take zama. Malmala uku ta tuwon alkama ta fi malmala ɗaya ta tuwon dawa tayar da suga. Abin lura shi ne yawan abin da aka ci, da yadda aka sarrafa shi, da abin da aka haɗa shi da shi.

A fara da yawa. Ki dunƙule hannunki ki duba: tuwon da za ki ci a zama ɗaya kada ya wuce haka da yawa. Ki raba kwanonki gida huɗu a ido. Gida ɗaya na tuwo ne ko shinkafa ko dambu, gida ɗaya na wake ko awara ko ƙwai ko kifi ko nama, sauran gida biyun kuwa ganye ne da miya. Mu a nan akasin haka muka saba, tuwo tuli, miya 'yar kaɗan a gefe. Juya wannan shi ne rabin aikin. Kuma ganye ba ya mana wuya. Da damina ga zogale, rama, tafasa, yakuwa da alayyafo, da rani ga kabeji da latas da tumatir daga masu noman rani na Watari da Tomas, ga busasshiyar kuɓewa da kuka duk shekara. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ba tare da an barbaɗa masa suga ba, abinci ne da ya fi wanda ake sayowa a kanti da sunan abincin masu suga.

Sai sarrafawa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Dusar da muke surfewa mu ba awaki ita ce ke sa hatsi ya narke a hankali. Duk lokacin da aka surfe tas, aka niƙa luƙwi, aka tace, to abincin zai shiga jini da gudu. Shi ya sa koko da kunun da aka tace gasararsa suka fi tuwo saurin tayar da suga, ko da ba a sa musu suga ba, balle an sa. Abin da ake sha ya fi abin da ake taunawa sauri. Mace takan ce, "Ai ni ban ci komai ba da safe, koko kawai na sha," alhali kofi biyu na koko da suga ne suka kai ta inda take. Idan za a yi tuwon gidan, a rage surfe, a bar wa hatsin ɗan jikinsa. Idan koko ne kaɗai ya samu, ki sha ƙaramin kofi ba suga, ki haɗa da ƙosai biyu ko uku ko dafaffen ƙwai. Fura kuwa, a rage furar a ƙara nonon, a bar suga. Ɗanwake yana da kyau gwargwadon waken da ke cikinsa, amma na sayarwa sau da yawa garin rogo ya fi yawa. Garau-garau ma haka, wake ya rinjayi shinkafa.

Akwai waɗanda za a bari gaba ɗaya ko kusan haka: lemon kwalba, zoɓo da kunun zaƙi masu suga, rake, mazarƙwaila, alewa, shayi mai suga da madarar gwangwani mai zaƙi. Lemon malta da ake kai wa marar lafiya dubiya cike yake da suga. Zuma tana da darajarta, amma a jinin mai wannan ciwo ita ma tayar da suga take yi, kada a mayar da ita madadinsa. Mangwaro da dabino ba a hana ba, sai dai a ƙidaya: ƙaramin mangwaro ɗaya, dabino ɗaya ko biyu, ba a zauna da kwando ba. Gwaiba da lemon ɓawo da goruba sun fi sauƙi.

Mun san yawanci ba mace ɗaya ke riƙe da tukunya ba. Yau girkinki, gobe na abokiyar zama, kuma a kwano ɗaya ake ci. Ba sai an ɗora tukunya biyu ba. Abin da ake buƙata shi ne a zuba wa mai ciwon nata a kwanonta daban don ta san abin da ta ci, kuma a ɗebi nata kunun kafin a zuba suga. Maigida ya san da wannan, don kada a ɗauka tsirfa ce ko raina girkin wata.

Bayan cin abinci kada a miƙe a tabarma. Zagaya tsakar gida na minti 10 zuwa 15, ko shara, ko ɗan daka, yana sauke suga. Wannan ya fi shafar masu sana'ar zaune, ɗinkin hula da ɓarar gyaɗa da saƙa.

Na'urar gwaji

Jiki ba ya faɗin gaskiya a kan suga. Mace na iya jin garau alhali sugan ya ninka yadda ya kamata. Na'ura ce kaɗai ke nunawa, kuma 'yar ƙarama ce kamar waya, ana samun ta a manyan kemis. Ba kowa ke iya mallakar tata ba, amma ƙungiya na iyawa. Ku tattauna a sayi guda ɗaya daga asusun taimakon juna, mai gwaji ta riƙa biyan kuɗin takardar gwajinta, kuɗin su koma akwati don a sayo wasu. Kafin ku saya ku tambayi kuɗin takardun da ko ana samun su kusa, domin kowace na'ura da irin takardarta, kuma takardun ne ke cin kuɗi, ba na'urar ba. Ku zaɓi mambobi biyu masu karatu, ma'aikaciyar lafiya ta ƙaramin asibitinku ta koya musu a gabanta.

A wanke hannu da sabulu a bar shi ya bushe, don ɗigon ruwan mangwaro a yatsa kaɗai na iya sa na'ura ta ba da lamba mai ban tsoro. A huda gefen yatsa, ba tsakiya ba. Kowace mace da sabuwar allurarta, irin wadda ake amfani da ita sau ɗaya a yar. Wannan doka ce da ba a sassautawa ko tsakanin uwa da 'ya, saboda ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Alluran da aka yi amfani da su a tara a gora mai murfi a kai asibiti. Takardun a bar su a robarsu a rufe, nesa da rana da murhu, a duba kwanan watan lalacewarsu.

Na'urori iri biyu ne wajen lissafi. Wata tana nuna ƙananan lambobi kamar 6.5, wata manya kamar 117. Abu ɗaya ne: ƙaramar lamba sau 18 ita ce babbar. Ga wadda ba a taɓa cewa tana da ciwon ba, idan aka gwada da safe kafin ta ci komai, ƙasa da 5.6, wato 100, lafiya lau ne. Idan ta kai 7, wato 126, ko ta wuce, ta je asibiti a sake gwadawa. Tsakanin biyun gargaɗi ne. Ƙungiya ba ta yanke wa kowa hukuncin tana da suga, kuma ba ta rubuta magani, wannan aikin asibiti ne. Ga wadda ke da ciwon kuwa, abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 4.4 zuwa 7.2 kafin cin abinci, wato 80 zuwa 130, sannan ƙasa da 10, wato 180, awa biyu bayan fara ci. Mai ciki lissafinta daban ne, a wurin awo za a gaya mata.

Gwajin bayan abinci shi ne ya fi koyarwa. A ce mace ta ci taliya da mai da yaji da ƙarfe biyu na rana, aka gwada ta da La'asar aka ga 14. Wani makon a daidai wannan lokaci ta ci dambun zogale da wake, aka ga 9. Ba sai an yi mata wa'azi ba, ta gani da idonta. Kuma abin da ya tayar wa wata ba lallai ya tayar wa wata haka ba, shi ya sa kowa ke buƙatar nata shafin. A rubuta rana, lokaci, abin da aka ci, da lambar, ta tafi da shi duk ranar ganin likita. Sakamakon gwaji sirri ne kamar bashi, ba a shelanta shi a taro.

Idan suga ya faɗi, da idan ya hau

Mai shan magani, musamman glibenclamide ko allurar insulin, sugan nata na iya faɗuwa idan ta sha magani ba ta ci abinci ba, ko ta wuni a gona. Za ta ji rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, jiri, ko ta fara magana ba kan gado. A na'ura ƙasa da 3.9 ne, wato 70. A nan suga shi ne magani: a ba ta ƙwaya 3 ko 4, ko babban cokali ɗaya a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci. Ta riƙa ƙulla ƙwayar suga a bakin zane idan za ta unguwa. Idan ta suma kada a ɗura mata komai a baki, a kwantar da ita ta gefe a nemi mota.

Idan kuma lamba ta wuce 16.6, wato 300, musamman da amai ko magagi ko gyambo a ƙafa, ranar za a tafi, ba gobe ba. Babban asibitin Bichi ko na Dambatta na iya dubawa, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Waɗannan lambobi biyu, 70 da 300, su ne kuma likitoci suka ce mai azumi ta karya idan ta gan su. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Mai niyyar azumi ta ga likita tun a watan Sha'aban don a gyara mata lokacin shan magani.

Abinci ba ya maye gurbin magani. Idan an rubuta miki metformin ko waninsa, kyawun lamba alama ce yana aiki, ba alamar a daina ba. Masu lasifika a ranar kasuwa da ke cewa kwalba ɗaya ta raba ki da suga har abada, ku tambaye su ko za su yarda a gwada jini kafin a sha da bayan an sha.

Ga mai jagorantar zama: a mako mai zuwa kowace mamba ta zo da kwanon da take cin abinci a ciki da kofin kokonta, a auna tare a ga malmala nawa yake ci. A kuma tsayar da ranar da za a gayyato ma'aikaciyar lafiya, a sanar da masu son gwaji su zo da sassafe ba su karya ba.