Safiyar da masaniyar ƙwaƙwalwa ta kasa buga waya

Ranar 10 ga Disamban 1996, Dakta Jill Bolte Taylor ta farka da wani ciwo mai suka a bayan idonta na hagu. Shekarunta 37, lafiyarta ƙalau, tana zaune ita kaɗai a yankin Boston na Amurka. Aikinta kuwa binciken ƙwaƙwalwar ɗan Adam a Jami'ar Harvard, fannin da ta shiga saboda lalurar taɓin hankali da ɗan'uwanta ke fama da ita. In da akwai wanda ya kamata ya gane shanyewar ɓarin jiki tun daga sallama, to ita ce.

Ba ta gane ba. Ta ɗauka ciwon kai ne mai wucewa, ta hau na'urar motsa jiki kamar kullum. Tana cikin yi ta dubi hannayenta, ta gan su kamar ba nata ba. Da ta sauko, tafiya ta zama aiki, kowane taku sai ta yi tunaninsa. A banɗaki ta dafa bango, ta kasa tantance inda hannunta ya ƙare da inda bangon ya fara. Sai da hannunta na dama ya saki gaba ɗaya sannan ta fahimci abin da ke samunta.

Wani ƙullin jijiyoyin jini ne da aka haife ta da shi ya fashe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarta. Wannan ɓangaren shi ke riƙe da magana da lissafi a yawancin mutane, shi ke kuma sarrafa gefen dama na jiki. Wato gaɓar da za ta nemi taimako da ita, ita ce jini ke cinyewa.

Kamar yadda ta bayar da labarin a wani jawabi a 2008, lambar wayar ofishinsu ta ɓace mata. Ta ɗauko tarin katunan adireshi don neman katin da ke ɗauke da lambar, tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, rubutun ya zame mata zane marar ma'ana. Hankali ya dawo na ɗan lokaci, ya sake tafiya. Minti 45 ta yi kafin ta ci kashi ɗaya cikin uku na tarin. Da ta samu katin, ba ta iya karanta lambobin, sai ta riƙa gwada siffar kowace lanƙwasa da ke kan katin da wadda ke kan maɓallin waya. Kuma don kada ta manta inda ta tsaya, ta riƙa jawo shanyayyen hannun tana rufe lambar da ta riga ta danna.

Abokin aikinta ya ɗauka. Muryarsa ta zo mata kamar haushin kare. Ita ma ta buɗe baki ta faɗi sunanta da cewa tana neman taimako, a ranta ta faɗa daidai, amma gurnani ne ya fito. Mutumin nan bai ce wasa take ba, bai ce zai kira ta anjima ba. Ya gane muryar, ya gane ba lafiya, ya tashi tsaye. Aka kai ta wani asibiti, daga nan motar asibiti ta wuce da ita Babban Asibitin Massachusetts. Cikin sa'o'i huɗu da fara ciwon, ba ta iya tafiya, ba ta iya magana, ba karatu ba rubutu. Bayan makonni biyu da rabi likitoci suka buɗe kanta suka cire gudan jini mai girman ƙwallon golf. Mahaifiyarta ta tare wurinta tana koya mata komai daga farko, kuma shekara 8 ta ɗauka kafin ta ce ta warke. Daga baya ta rubuta littafi, My Stroke of Insight.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne abokin aikin. Iliminta bai buga mata waya ba, da ƙyar ta kai ga mutum guda, shi kuma ya yi abin da ya dace. Mai wannan ciwo sau da yawa ba ya iya kai ƙarar kansa, wani ma bai san bakinsa ya karkace ba. Na kusa da shi ne zai gani.

A garuruwanmu, inda hawan jini ya yi yawa kuma shi ne babban mai jawo cutar, an saba a ce iska ce ta buge mutum, a kwantar da shi a ɗaki ana shafe-shafe, a ce a ga abin da gobe za ta yi. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a yi ta a cikin mota. Idan jijiya babba ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan biyu ke mutuwa kowane minti, allurar narkar da gudan jini kuma galibi cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko ake yin ta. Toshewa da fashewa kamanninsu ɗaya a ido, hoton kai ne kaɗai ke raba su, shi ya sa bai wa mutum asfirin a gida kan iya ƙara ɓarna in jini ne ke zuba.

Don haka, mai karatu, in ka ga magana ta harɗe wa wani farat ɗaya, ce masa ya yi murmushi ka duba ko gefe ɗaya ya zube, ce ya ɗaga hannu biyu ka ga ko ɗaya zai faɗo. Ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintuna, kada ka yarda a zauna. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci, don maƙogwaro na iya kasa haɗiya. Ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya. Sannan a nemi mota, a nufi asibiti mafi kusa da ke ɗaukar hoton kai.