Fiffiken Bayan Mota Ya Tsage: A Liƙe ko a Canza?

Wani maƙwabcina a Nassarawa GRA da ke Kano yana da wata jar Mustang da yake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Ran nan batir ya mutu a bakin get, maigadi da yaron wankin mota suka taru suka tura ta. Ba su sami wurin dafawa ba sai fiffiken nan da ke kan but, wanda makanikai ke kira sifoila. Motar ta tashi, amma aka ji ƙas. Tsaga ce 'yar siririya, daga gindin noti na hagu ta miƙe kamar tsawon ɗan yatsa.

Washegari mai gyaran bodi ya zo, ya shafa wurin da babban yatsa, ya ce: "Alhaji, wannan ai ba komai ba ne. Bodi fila kaɗan, a goge da sanfefa, a fesa fenti, ko kai ba za ka gane wurin ba." Gaskiya ya faɗa, ido ba zai gane ba. Amma iska za ta gane.

Duk wanda ya taɓa fito da hannu ta taga a hanyar Zariya ya san iska tana da nauyi. Ka ɗan karkata tafin hannu sama, sai ta ɗaga shi. Ka karkata ƙasa, ta danne shi. Jikin mota, idan ka kalle shi daga gefe, ya yi kama da fiffiken jirgin sama: ƙasa a shimfiɗe, sama a lanƙwashe. Iskar da ke bi ta kan rufi tana ƙara sauri, matsinta ya ragu, sai bayan motar ya fara yin sakayau. Tayoyin baya ba sa barin kwalta, amma riƙonsu yana raguwa, kuma a kwana ake gane haka. Ƙaramin sifoila mai kama da leɓe yana katse wannan iskar ne don kada ta ɗaga motar. Babban kuwa, mai tsaye a kan ƙafafu, fiffiken jirgi ne aka kifar, yana danna motar ƙasa.

Lissafin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin iska ninka huɗu yake yi. Abin da fiffike ke ɗauka a gudun kilomita 50 cikin awa, a 100 ya zama huɗunsa, a 200 ya zama sha shida. Don haka a Ahmadu Bello Way ko Sultan Road, tsakanin shataletale da tudun rage gudu, fiffiken nan kusan ado ne kawai. Ko a babbar hanya, iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta yanka wa ƙananan motoci kilomita 100 ne. Masu wasan mota ranar biki kuwa, hayaƙin taya suke tayarwa, fiffike bai san ana yi ba.

Sai dai akwai motocin da ba a wasa da nasu. Kamfanin Audi na Jamus ya fito da TT a 1998, mota mai zagayayyen baya, santul, ba fiffike. Aka yi ta samun munanan haɗurra a gudun da ya kai kilomita 180, bayan motar na kufcewa. Daga ƙarshen 1999 kamfanin ya kira motocin, ya gyara ƙafafunsu, ya ɗora musu ɗan leɓe a kan but. Porsche kuwa tun 1972 ta sa wa Carrera RS fiffiken da ake kira wutsiyar agwagwa, daga baya ta ƙera 911 wadda nata ke tashi da kansa idan gudu ya kai kilomita 80. Karyewar fiffike ma tana da nata tarihin: a tseren Formula 1 na Sifen a 1969, dogayen fikafikan motocin Lotus biyu, ta Graham Hill da ta Jochen Rindt, sun karye ana tsakar gudu, duka biyun suka daki shinge. Bayan nan aka haramta irin waɗannan dogayen.

A Kano, abin da ya fi kashe fiffike rana ce. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, murfin but ya yi zafin da ba ka iya dafawa. Ƙarfe da roba ba sa buɗewa daidai da juna, kullum suna jan juna a gindin noti. Hasken rana yana busar da robar, sanyin asubar hunturu ya ƙanƙance ta, sannan a zo a rufe but da ita. Tsagar da ta fara a wurin noti ita ce mai haɗari, domin nan ne duk nauyin yake. Bodi fila kuma ba ta lanƙwasa. Girgizar hanya kaɗai ta isa ta buɗe ta. Ranar da fiffiken ya fizge a hanyar Wudil, gilashin wanda ke binka ne zai karɓe shi, ko fuskar mai babur.

Ko za a liƙe ko za a canza, ya danganta da abin da aka yi shi da shi. Robar ABS, wadda da ita ake yin yawancin na kamfani, tana karɓar walda ta roba idan tsagar a gefe take. Na faiba ana iya ɗaure shi ta ciki da zarensa da ruwan gam ɗinsa. Na zaren kabon, mai tsadar nan, shi ne mayaudari: sama lafiya, ciki ya rabu. Ƙwanƙwasa shi da kwabo. Inda sautin ya mutu, nan ya ɓare.

Maƙwabcin nawa ya zaɓi canji. A kasuwar Ƙofar Ruwa aka fara nema, aka sami masu kama da shi, amma ramukan notinsu ba su hau na but ɗin ba. Ni dai ina ganin huda sababbin ramuka a murfin but ganganci ne, ƙofa ce kake buɗe wa tsatsa. Daga kasuwar Ladipo ta Legas aka aiko da na Beljiyam, baƙi.

Aikin kansa bai kai awa biyu ba, in ka cire fenti. Aka buɗe but, aka ɓanɓare shimfiɗar cikin murfin, aka kwance notuna. A wasu motocin akwai wayar fitilar birki ta uku a cikin fiffiken, wadda Amurka ta wajabta tun motocin 1986, sai an zare ta a hankali. Gam mai fuska biyu da ke riƙe da sauran, an bar motar a rana ya yi laushi, aka ratsa zaren kamun kifi ta ƙarƙashi ana ja kamar zarto, ba a sa sukudireba ba balle ta kankare fenti. An gwada sabon ya zauna daram kafin a kai shi fenti. Mai fentin ya duba lambar launi, ya ce ja ɗin da ke jikin motar ya riga ya sha rana, don haka ya haɗa nasa yana gwadawa da murfin tankin mai.

Da aka zo ɗaurawa, an sa sababbin wasa na roba a kowane rami saboda ruwan damina, aka ɗaure notunan da hannu, ba a matse su har roba ta yi ƙara ba. Mai gyaran ya ce kada a wanke motar sai jibi, ya kuma juya ya nuna wa maigadi inda ake dafawa idan batir ya sake mutuwa.