Harafin bayan but ba shaida ba ne

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tambayar da mai sayen mota ke fara yi wa dillali a Sabon Birni ko Isa ita ce: filogi nawa ne? Mai filogi shida ta fi mai huɗu shan mai, kuma direban da ke zirga-zirga ta Goronyo zuwa Sakkwato, ko daga Isa zuwa Shinkafi, aljihunsa ne ke ɗaukar bambancin.

Sau da yawa ba sai an ɗaga bonet ba. Zaga bayan motar ka tsuguna. Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, idan mai filogi shida ce, lita 3.5, salansa biyu ne da ita, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai lita 2.4 guda ɗaya ne. Haka ma Honda Accord ta 2003, wato EOD. Ita kuwa Hilux ta 2005 zuwa 2015, in ka ga an buɗa mata baki a saman bonet, to mai gas ce: ta nan iska ke shiga ta sanyaya wadda tabo ya matsa kafin ta isa inji. Amma rashin wannan bakin bai tabbatar da cewa mai fetur ce ba, don akwai masu gas da ba su da shi. Sai a duba tambarin gefe, D-4D na gas ne, VVT-i na fetur.

Ajin mota ma yana bayyana a jiki. Corolla ta Amurka CE ce ta talaka, LE ta ɗara ta, S kuma ta zo da fitilun hazo da siket. Ƙaramin aji yakan zo da rim na ƙarfe mai murfin roba da baƙin madubi da ba a yi wa fenti ba. Dattawan direbobi sun san wannan tun zamanin 504 ta Kaduna, mai GR da SR.

Sai dai nan ne ake cutar mutane, kuma abin na ci mini rai. Harafin bayan but da gam ake manna shi. Rim kuwa cikin rabin awa an sauya, mai walda ma yana iya liƙa bakin salansa na bogi wanda babu bututu a bayansa. Mutum ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin XLE, ya koma gida da LE.

Abin da ya fi wuyar taɓawa shi ne lambar shasi. Tun 1981 guda 17 ce, haruffa da alƙaluma, kuma ana hango ta ta ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. J a farko Japan ke nan, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka. Na huɗu zuwa na takwas suna bayyana samfuri da inji. A motocin Amurka na goma shi ne shekara: 7 na nufin 2007, A kuma 2010.

Mu da ke bakin iyakar Nijar muna da ƙarin dalili. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka 'yar Kwatano da lambarta ta saɓa wa takardar kwastan rigima ce ka saya. Tafi da bakanikenka, ku karanta lambar gilashi da ta jikin ƙofa da ta takarda, in ɗaya ta bambanta ka riƙe kuɗinka.