Zaɓen Matsugunin Wucin Gadi Bayan Ambaliya a Birnin Kudu da Gwaram

Girgizar ƙasa baƙuwa ce a Nijeriya, in ban da ɗan motsi irin wanda aka ji a Kwoi a 2016 da Mpape a 2018, amma tambayar da takan biyo bayanta, wato inda za a tsugunar da waɗanda gidajensu suka rushe, tana tasowa a Birnin Kudu da Gwaram duk daminar da ruwa ya yi gyara, kamar ta 2022. Abin da aka saba yi shi ne a kwashe mutane zuwa makarantar firamare mafi kusa, ba don an auna dacewarta ba, sai don ita ce ginin da ke da rufin kwano.

Abu na farko da masana ke dubawa shi ne ƙasar wurin. Fadama mai laka tana riƙe ruwa, saboda haka tanti ba ya zama a kanta, jigawa kuwa tana shanye shi, sai dai ramin masai yakan rufta a cikinta idan ba a ɗaure bakinsa ba. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da su, sun nemi fili mai ɗan gangare domin ruwan sama ya wuce, da murabba'in mita 45 ga kowane mutum, da aƙalla lita 15 na ruwa a rana, da masai ɗaya ga mutum 20, wanda zai nisanci rijiya da mita 30. Wannan tazarar ba ƙawa ba ce, domin inda masai ya kusanci rijiya, amai da gudawa na iya kashe waɗanda ruwa ya bari. Haka ma batun gangaren fili: a Turkiyya, ambaliyar Maris 2023 ta shiga tantunan waɗanda suka tsira daga girgizar ƙasar watan Fabrairu.

Hanya ita ce ta biyu, kuma Gwaram, wadda ke gefen kogin Bunga, ta san muhimmancinta tun karyewar gadar da ke tsakaninta da Basirka a Agusta 2021. Sansanin da gada ɗaya ce tak ke sada shi da asibiti ko motar abinci yana iya zama tsibiri cikin dare ɗaya.

Sai dai ma'aunin da aka fi mantawa da shi shi ne zuciyar manomi. Ambaliya takan zo ne a Agusta da Satumba, gero ya kusa girbi, kuma magidanci ba zai yarda ya nisanci gonarsa da bisashensa ba, komai kyan tudun da aka nuna masa. Haka nan matan aure ba sa sakewa a ajin da aka gwamutsa iyalai babu labule. Shi ya sa ya fi dacewa hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) ta zauna da dagatai da masu unguwanni tun da rani a ware filayen, domin su ne suka san iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa.